Yadda zaka fara tara tsofaffin harsasan bindigogin soja ba tare da ka lalata su ba

Kafin ka sayi ko ƙwaya ɗaya, fara da doka, domin a ƙasashe da yawa harsashi ko shekararsa 150 harsashi ne a idon hukuma, tsufa baya wanke shi. A Ingila misali akwai tsofaffin bindigogin da aka yarda mutum ya ajiye a matsayin kayan tarihi babu lasisi, amma sassaucin bai shafi harsashinsu mai rai ba, shi kam sai da takarda. A Amurka gidan waya na gwamnati baya ɗaukar harsashi mai rai kwata-kwata. Wasu wuraren kuma ko kwanson da aka riga aka harba aka gani a jakarka a filin jirgi sai ka yi bayani har bakinka ya bushe. Toh ka nemi dokar inda kake a rubuce ka karanta da kanka, kar ka dogara da "wane ya ce ba komai". In doka bata baka dama ba harkar bata mutu ba fa, akwai masu tara kwanso zalla, akwai masu tara na atisaye waɗanda tun daga masana'anta babu albarushi a cikinsu, akwai ma waɗanda kwalaye da takardun ƙunshi kawai suke bi kuma tarin nasu yafi na wasu kyau.

Sai ka zaɓi fage. Wannan shi ne inda sabon shiga ke ɓata, yau ya sayi na Faransa gobe na Japan jibi na farauta, bayan wata shida yana da gwangwani cike da tagulla amma bai san komai akan ko ɗaya ba. Tsakanin 1850 da ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya harsashin soja ya canza kama fiye da yadda ya canza daga lokacin zuwa yau, saboda haka akwai wurin tsayawa da yawa. Akwai zamanin takarda, inda albarushi da dalma suke ƙunshe a takarda soja ya yage da haƙori ya zuba ta bakin bindiga, irin na bindigar Enfield ta Birtaniya ta 1853, wanda jita-jitar kitsen da ake shafa masa tana cikin abubuwan da suka tada boren sojojin Indiya a 1857. Akwai na bindigogin allura, masu doguwar allura da ke huda harsashin ta tada wuta, Dreyse ta Furusiya (wadda daga baya ta zama ɓangaren Jamus) da Chassepot ta Faransa ta 1866, su ma takarda ne amma ta baya ake ɗura su. Sai zamanin manyan kwansuna masu baƙin albarushi, Snider da Martini-Henry da Mauser ta 1871 da Gras ta 1874 da .45-70 na Amurka. Daga 1886 da Faransa ta fito da Lebel mai albarushi marar hayaƙi wanda Paul Vieille ya haɗa, sai kowa ya rage faɗin harsashi a guje, Jamus 1888, Rasha da Italiya 1891, Sifen da 7x57 ɗinta, har zuwa .30-06 na 1906. Ni a ganina wanda zai fara gara ya ɗauki ƙasa ɗaya ko bindiga ɗaya ya bi ta har ƙarshe, kuma .303 na Birtaniya yana da daɗin farawa tunda an ƙera shi a Ingila da Kanada da Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu, yana da yawa, kuma kusan kowanne yana ɗauke da rubutu a gindinsa.

Yanzu batun da yafi jan hankalina, wato bambancin harsashin doguwar bindiga ta sojan ƙasa da na kabayin, gajeriyar da ake ba sojan doki da 'yan igwa. Gajeriyar bindiga bata da nauyi, in ka ɗura mata cikakken albarushin doguwa sai ta daki kafaɗar mutum kamar me, saboda haka rundunoni da dama suka riƙa yi mata nata harsashin mai sauƙi, kuma matsalar ita ce sau da yawa kwanson iri ɗaya ne sak, bambancin yana wani ɗan wuri da in baka sani ba bazaka taɓa kula ba. Ɗauki Martini-Henry, bindigar da sojojin Birtaniya suka yi yaƙin Isandlwana da ita da Zulu a kudancin Afirka a 1879. Na doguwa dalmarsa giren 480 ce (giren ɗan ma'aunin nauyi ne) da albarushi giren 85, na kabayin dalma giren 410 albarushi 70. A ido kusan ɗaya suke, amma dubi takardar da aka naɗe jikin dalmar da ita wadda take leƙowa daga wuyan kwanso: ta doguwa fara ce, ta kabayin ja ce, ko da yake bayan shekaru fiye da ɗari jan yakan koɗe ya koma wani ruwan hoda mai datti. Wannan 'yar takardar da bata kai faɗin farce ba ita ce shaidar, kaga kenan wanda ya sa tsumma da mai ya goge harsashin "don ya yi kyau" ya goge abin da ya bambanta shi da dubban 'yan uwansa.

Kwanson Martini na farko shi kansa abin kallo ne. Ba da tagulla dunƙule guda aka ƙera shi ba, siririn fallen tagulla ne aka naɗe kamar tabarma aka manna masa faifan ƙarfe a gindi, fasahar Kanar Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich, shi yasa zaka ganshi duk a yamutse da lanƙwashe-lanƙwashe a kafaɗa. Sabon shiga yakan ɗauka an taka shi ne, alhali haka aka haife shi. Kar ka yi ƙoƙarin miƙe shi, kuma kar ka matse shi da yatsa, yana loɓawa.

A Amurka kuma .45-70 na 1873 haka abin yake, doguwa albarushi giren 70, kabayin 55, dalma duka 405 a farko kafin daga baya a ƙara ta doguwa zuwa 500. Na farko-farkon babu rubutu ko ɗaya a gindinsu, in ba a kwalinsu ka same su ba da wuya ka rantse wanne ne, tunda bambancin giren 15 bai wuce giram ɗaya ba. Daga 1877 ma'aikatar Frankford ta fara buga hatimi, sai ka ga harafi C na kabayin ko R na doguwa, da F na Frankford, da lambar wata da ta shekara. In ka ga C da F da 6 da 80, kabayin ne, Frankford, watan Yuni 1880, shikenan an gama magana. Waɗannan na farkon da jan ƙarfe aka yi su kuma gindinsu sumul yake babu alamar firaima, wato ɗan maɓallin nan da allurar bindiga ke duka ya tada wuta, sai mutum ya zaci irin masu tashi ta leɓen gindi ne, amma a'a firaimar tana ɓoye a ciki, alamarta ita ce matsewar da zaka gani a jikin kwanson dab da gindi.

In kuma kabayin zalla kake so ka bi, yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 shi ne kasuwar, domin lokacin kowane maƙeri da nasa tunanin kuma gwamnati tana saye ko ta ina. Na Burnside tagulla ne mai faɗi a sama yana tsukewa zuwa gindi, baya kama da komai. Na Maynard yana da wani faffaɗan faifai a gindi da ɗan rami a tsakiya inda wuta ke shiga. Na Smith wasu da roba aka yi kwansonsu, na Sharps da yadi ko takarda, na Spencer kuma jan ƙarfe mai tashi ta leɓe. Sai dai fa nan ne jabu yafi yawa, zan dawo kai.

Kayan aiki basu da yawa. Ma'aunin baniya irin na masu juya ƙarfe, gara na dijital mai nuna milimita da inci duka. Ƙaramin sikeli mai auna giren, giren ɗaya kusan giram 0.065 ne. Gilashin ƙara girma mai ninka goma, da ɗan maganaɗisu, da littafin rubutu. Duk harsashin da ya shigo hannunka ka auna faɗin kan, faɗin wuya, kafaɗa, gindi, leɓe, da tsawon kwanso, ka rubuta kafin ka fara hasashen sunansa, domin ido yana yaudara sosai a nan. 'Yan gidan milimita 11 ɗin nan, Gras 11x59R da Mauser 11x60R da Werndl na Ostiriya da wanda Sifen ta yi wa Remington ɗinta, in aka jera maka su a tebur wallahi sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya, awo ne kawai ke raba su. Kuma suna ma yana yaudara, 8x50R na Lebel daban 8x50R na Mannlicher daban, ba su shiga bindigar juna. Tsarin sunan Turai lamba ta farko faɗi ce ta biyu tsawon kwanso, R ɗin kuma yana nufin akwai leɓe a gindi. Na Amurka irin .45-70-405 faɗi ne da nauyin albarushi da nauyin dalma. Na Ingila .577/450 kuma yana gaya maka kwanson .577 ne aka tsuke wuyansa zuwa .450. Maganaɗisun aikinsa ya gaya maka ko rigar kan harsashin ƙarfe ce aka yi wa rufi, tunda a ido duk fari-fari suke.

Karatun hatimin gindi shi ne rabin daɗin harkar. A .303 in ka ga R da L da 'yar kibiya a tsakaninsu na Woolwich ne, kibiyar alamar kayan gwamnatin Birtaniya ce, K kuma Kynoch ne na Birmingham, lambar Romawa tana nuna samfuri, VII shi ne mai tsinin kai da ya fito a 1910. Jamusawa sukan raba gindin gida huɗu su sa masana'anta da wata da shekara, in ka ga S67 ana nufin tagullar tana da kashi 67 na jan ƙarfe. Faransawa ba wata suke sawa ba, zangon wata uku-uku suke lissafi, 1 zuwa 4. Na Daular Usmaniyya zaka ga jinjirin wata da tauraro da lambobin Larabci, amma hattara da shekarar, kalandar Rumi ce ta gwamnati, sai ka ƙara 584, wato 1331 ya faɗa wajen 1915. Sojan ƙasa na Japan kuma galibi basu buga komai a na bindigarsu Arisaka ba, fanko ne, sai awo. In kwanso ne wanda aka harba, haska fitila ciki: rami ɗaya a tsakiya tsarin firaimar Boxer ne, ƙananan ramuka biyu a gefe tsarin Berdan ne, kuma abin dariya shi Berdan Ba'amurke ne amma Turai ce ta rungumi nasa, Boxer Bature ɗan Ingila Amurka ta rungumi nasa.

Toh ga dokar da nake so ta zauna maka: kar ka goge. Duhun nan da tagulla ta yi ba datti bane, kuma masu harkar in suka ga tsohon harsashi yana ƙyalli darajarsa ta faɗi a idonsu nan take. Banda haka yawancin man goge tagulla akwai ammoniya a ciki, ita kuma ammoniya tsaga tagulla take. Sojojin Birtaniya a Indiya sun ga wannan da idonsu, harsasan da aka ajiye a bargar dawaki lokacin damina sai a tarar wuyansu ya tsattsage, daga baya aka gano tururin fitsarin dawakin ne ke haɗuwa da damshi ya ci tagullar a inda aka matse ta. Busasshen buroshi mai laushi ya isa ya cire ƙura. In akwai koren tsatsa mai ci, ka ɗan kankare shi da tsinken itace a hankali, ba allura ba, ba waya ba. Wasu suna shafa ɗan kakin Renaissance, wanda aka fara haɗawa a ɗakin binciken gidan tarihi na Birtaniya, siriri sosai a jikin ƙarfe kawai, kar ya taɓa takarda ko fentin da ke zagaye da firaima.

Ajiya ma tana kashe kaya a hankali ba tare da ka lura ba. Akwatin katakon oak yana da kyau a ido amma yana fitar da tsami mai cin dalma, sai ka buɗe wata rana ka ga kan harsashin ya yi farin gari yana kumbura har ya fasa wuyan kwanso. Robar PVC mai laushi ita kuma kore take sa tagulla. Ɗamarar fata ta soja, duk da kyan da take yi a hoto, in ka bar harsashi a cikin madaukanta zai yi kore ya manne, saboda haka ka ajiye su daban. Durowar ƙarfe mai fenti ita tafi, da shimfiɗar takarda marar asid, da 'yan ƙunshin silika masu shan damshi, a ɗakin da baya zafi yau sanyi gobe, nesa da rana domin rana tana cinye rubutun kwali. A kulle, yara basu kai. Farin garin dalmar nan guba ne, in ka taɓa ka wanke hannu kafin ka ci wani abu.

Ka riƙa buɗe durowar lokaci-lokaci kana shinshinawa. Baƙin albarushi in bai jiƙe ba yana daɗewa ƙwarai, kuma yana nan da ransa, kar tsufa ya ruɗe ka. Marar hayaƙi na farko-farko shi ne ke ruɓewa, in ka ji wari mai kaifi mai hawa hanci, ko ka ga kore yana tsattsafowa ta wuya ko ɗigon rami a jikin kwanso, daga ciki yake cin kansa, ka ware shi daga sauran ka miƙa wa hukumar da ke da alhakin lalata irin wannan.

Kuma dan Allah kar ka harba, kar ka huda, kar ka yi ƙoƙarin zare kan da filaya don ka "kashe" shi. Zancen wai in ka jiƙa firaima da mai ta mutu ba abin dogaro bane. Waɗanda kake gani an tsaga su biyu ana ganin ciki, aikin ƙwararru ne masu izini, ka saya a gama. Akwai kuma waɗanda ko kyauta aka baka ka ce na gode ka wuce: na .303 mai harafin B na ƙonawa ne, na yaƙin duniya na ɗaya irin Buckingham farin fosforos ne a cikinsa, G mai haska hanya ne, W mai huda sulke, kuma dokoki sun fi tsanani akan irin waɗannan. Duk abin da aka tono daga filin yaƙi, ko wanda ya girmi harsashin bindigar kafaɗa, ba naka bane. Har yau manoma a arewacin Faransa da Beljiyam suna tono ragowar 1914 zuwa 1918 da garma, kuma sojojin kwance bam ake kira su kwashe, wasu ma sun rasa rai a kai.

Batun jabu. Harsashin takarda shi yafi sauƙin ƙirƙira, a samo tsohuwar dalma da aka tono a naɗe ta da takardar da aka jiƙa a ruwan shayi a ɗaure da zare. Ɗan tocin ultrabayolet yana taimakawa, takardar zamani tana ƙyallin shuɗi a ƙarƙashinsa saboda sinadarin farantawa da aka fara sa mata wajen shekarun 1950, tsohuwa kuwa dusu-dusu take zama, ko da yake mai wayo zai iya yago takarda daga tsohon littafi, saboda haka rashin ƙyalli ba shaida bace ita kaɗai. Dubi dalmar: in ta yi farin ƙasa irin na wadda ta kwana a rami amma takardar tsaf, ai ka san ba tare suka tsufa ba. Lakabin kwali na asali da injin dannawa aka buga shi, da gilashi zaka ga haruffan sun ɗan nutse a takarda, na firinta kuwa ɗige-ɗige ne. A na tagulla kuma ka kula da wanda aka sake ɗurawa, firaima sabuwa fil a tsohon kwanso, ko zane-zanen injin matsewa a jiki. Masu harbin Martini na yanzu ma suna ƙera kwanso daga na bindigar tsuntsu mai lamba 24, ba don yaudara ba, amma in ya zaga hannu uku sai ya zama "na yaƙin Zulu". Duk labarin da mai sayarwa ya baka na cewa daga wane fagen fama aka ɗauko, in babu takarda kar ka ƙara ko sisi a kansa.

Shiga cikin masu harkar yana rage maka asara sosai. Akwai International Ammunition Association a Amurka da European Cartridge Research Association a Turai, suna fitar da mujallu, kuma ana babban baje koli duk shekara a birnin St. Louis na Amurka. Tsofaffin hannu yawanci basa rowar ilimi, in ka kawo awo da hoto mai kyau na gindi da na gefe zasu gaya maka abin da kake riƙe da shi, wani lokacin har su haɗa maka da rarar da suke da ita. Musanye ma ya fi saye armashi, shi yasa in ka samu biyu iri ɗaya kar ka raina na biyun.

Kowane ɗaya ka bashi lamba, amma ba a jikinsa ba, kar ka manna masa selotef ko ka rubuta da maka, ɗan kati a gefensa ya isa. A littafi ko a kwamfuta ka sa lambar, awo, abin da ke hatimin daidai yadda yake a zagaye, launin fenti, launin takarda, daga hannun wa ya fito da kuma yaushe. In ka ci sa'a ka samu ƙunshi ko kwalin da ba a taɓa buɗewa ba, irin ƙunshin goma-goma na Martini da aka ɗaure da igiya, ka bar shi a rufe duk yadda hannunka ke ƙaiƙayi, ka auna nauyinsa ka rubuta, ka ɗauki hoton kowane gefe, sannan ka nemi ƙwaya ɗaya irinsa a waje ka ajiye kusa da shi don mai son ganin abin da ke ciki.